Wa Ya Gaya Maka? Makonni Takwas Ina Koya wa Ɗalibaina Tantance Labari

Wata Talata ce a ƙarshen watan Satumba na 2023. Ina tsakiyar darasin Hausa da 'yan aji biyar sai na ji hayaniya daga bakin ƙofar makaranta. Na ɗauka 'yan makara ne maigadi ya tsare. Da na leƙa ta taga sai na ga iyaye mata cike da layin, wata da goyo tana jan hijabi, wata da gari a hannu alamar daga madafa ta fito, masu adaidaita sahu sun toshe hanya. Magana ɗaya ce a bakin kowa: a fito mata da ɗanta. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya makaranta ta watse.

Saƙon murya ne na minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya jawo haka. Wata mata ce take magana tana haki, wai wasu mutane sun shiga wata makaranta "a nan unguwarmu" sun yi wa yara allura, uku sun faɗi, ɗaya ya cika. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi sunan makarantar ba, ba ta ambaci unguwar ba, balle ranar da abin ya faru. Ta rufe da roƙon duk wanda ya ji ya tura don girman Allah, in kunne ya ji jiki ya tsira. A lokacin kuwa mashaƙo yana cin yara a Kano, ma'aikatan lafiya suna zagayen rigakafi, zukatan iyaye a ɗage suke. Kalmar "unguwarmu" kuma ta dace da duk unguwar da saƙon ya sauka. Washegari na zaga makarantu huɗu da ke kewaye da mu. Babu inda aka yi wa yaro allura, amma biyu daga cikinsu su ma sun watse kamar tamu.

Ban ga laifin iyayen nan ba, domin na san irin tsoron da ya kore su daga gida. A farkon watan Agusta na 2014, bayan wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da Ebola Legas, yayata ta kira ni kafin kiran assalatu ta ce in tashi iyalina mu yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi, mu kuma sha. Ban tambaye ta komai ba. Na tashi maiɗakina da yara, muka yi, sannan na kira mutum biyar, cikinsu har da mahaifiyata mai fama da hawan jini. Allah ya kiyaye wanka kawai ta yi, ba ta sha ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu a Najeriya saboda shan ruwan gishirin nan. Ina da digiri a lokacin, ina kuma koyarwa. Har yau in na tuna da kiran da na yi wa mahaifiyata sai jikina ya yi sanyi.

Shi ya sa bayan kwana biyu na shiga ofishin shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, ina son a ba ni dama in koya wa yaran nan yadda ake gane labarin ƙarya." Ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni wane darasi zan ture, tunda manhaja a cike take, 'yan aji shida kuma jarrabawa na gabansu. Ya tuna mini cewa dokar makaranta ta hana ɗalibi shigowa da waya. Na ce ba zan taɓa lokacin kowa ba, kuma ba ni na ƙirƙiro abin ba, hukumar UNESCO ma tana ware makon ƙarshe na Oktoba kowace shekara saboda shi, har Abuja ta karɓi baƙuncin babban taron a 2022. Muka tsaya a kan ranar Alhamis bayan tashi, minti arba'in da biyar, makonni takwas, babu tilas babu jarrabawa. Kayan aikina wayata ce, da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, da alli, da takardun da nake kaiwa shagon fotokwafi da kuɗin aljihuna. Sun haura talatin a zaman farko, daga baya suka tsaya a ashirin da 'yan kai.

Ranar farko ban koyar da komai ba. Na manna takardu goma a jikin bango, kowace ɗauke da hoton wani saƙo da na kwaso daga wayata, biyar na gaskiya biyar na bogi. Na ce kowa ya zaga ya rubuta wanda ya yarda da shi, da dalilinsa. Dalilan ne suka fi damuna. "Akwai tambarin BBC." "Akwai hoto." "Hausar da aka rubuta mai kyau ce." "An sa sunan wani babban malami." "Na taɓa gani a wayar babana." Labarin bogin da na fi tsammanin za su gane, wanda aka ɗora wa jan tambarin BBC Hausa a kan rubutu mai cike da kurakurai, shi ya fi samun ƙuri'a. Wani labarin gaskiya kuma, da yake ba shi da hoto, kusan kowa ya yi watsi da shi. Na gaya musu kada su ji kunya. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka sun gwada ɗalibai kusan 7,800, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya bambanta talla da labari a shafin intanet ba. Yaran da suka tashi da waya a hannu sun iya latsa ta, amma iya latsawa daban, iya tantancewa daban.

Mako na biyu na zo da shiri irin na Turawa. Na karanta wata hanya mai matakai huɗu da wani malami Ba'amurke, Mike Caulfield, ya tsara, na kwana ina ƙoƙarin mayar da ita Hausa, ta ƙi zama daidai a baki. Sai na haƙura na rubuta tambayoyi uku a allo: Wa ya faɗa? A ina ya samo? Yaushe abin ya faru? Ina juyowa wata ɗaliba mai zama kusa da taga, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wannan isnadi ne."

Na tsaya da alli a hannu. Gaskiyarta, domin isnadi shi ne jerin mutanen da suka ruwaito hadisi, wane daga wane har zuwa tushe. Abin da na je nema a nesa yana nan cikin jakar Islamiyyarsu. Kusan dukkansu sun san aya ta 6 ta Suratul Hujurat, wadda ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, don kada ku cuci wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Da yawa sun haddace hadisin da Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji. Na ƙara musu da maganar Abdullahi ɗan Mubarak, cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Wani ɗalibi Kirista da ke cikinmu ya ce su ma a Littafin Fitowa, sura 23, an hana baza labarin ƙarya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda a cikinsu ya taɓa haɗa waɗannan da WhatsApp. Sun ajiye su a matsayin karatun allo da na jarrabawar Islamiyya, waya kuma wata duniya ce daban.

Na ja musu kunne cewa ba muna daidaita saƙon waya da hadisi ba ne, aron ma'auni kawai muke yi. Sannan na kunna musu saƙon muryar da ya watsa makarantarmu, na ce su yi masa hukunci. Nan take aji ya ɗauka. Mai ruwayar majhula ce, ba a san ta ba. Isnadin yankakke ne, ba ta ce ta gani da idonta ba, ba ta kuma ce ga wanda ya gani ba. Matanin ma, wato shi kansa zancen, da rauni, babu wuri babu lokaci. Ban taɓa ganin sun yi muhawara da zafi irin na ranar ba.

Sai wani yaro daga layin baya ya jefo tambayar da har yau nake jin daɗinta. Ya ce, "Malam, to in mutum ɗari suka turo mini abu ɗaya, bai zama mutawatiri ba?" Na mayar wa aji tambayar. Bayan ja-in-ja, ita yarinyar nan ta taga ta warware: sharaɗin mutawatiri shi ne a samu jama'a masu yawa a kowane mataki na isnadin tun daga tushe, kuma tushen ya zama gani ne da ido ko ji da kunne. Mutum ɗarin nan kuwa duk daga baki ɗaya suka kwaso. Na zana musu bishiya a allo, rassa ɗari saiwa ɗaya. Na nuna musu 'yan kibiyoyi biyun nan da WhatsApp ke sakawa a kan saƙon da aka tura sau da yawa, na gaya musu tun watan Janairu na 2019 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma ya mayar da irin wannan saƙo mai yawo zuwa wuri ɗaya tak. Yawan yawo ba shaidar gaskiya ba ne. Masu bincike na jami'ar MIT ma sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500.

Aikin gida na makon shi ne kowa ya ɗauki saƙo ɗaya daga wayar gidansu ya bi isnadinsa da baki: wa ya turo, shi kuma wa ya turo masa. Galibi a mutum na biyu ko na uku igiyar take tsinkewa, a kan amsa iri ɗaya, "a guruf na gani." Wani ya kai mutum na huɗu, mai adaidaita sahu, wanda ya ce fasinja ne ya ba shi labari. Ɗaliba ɗaya ce ta kai tushe: sanarwar hutu ce, ta bi ta har ta tarar an karanta ta a labaran rediyo daga bakin ma'aikatar ilimi. Na sa aka tafa mata, domin ina son su gane tun wuri cewa bincike yakan tabbatar da labari kamar yadda yakan rushe shi.

Makonni biyu muka yi a kan hotuna da bidiyo, nan ne kuma aikin ya yi nauyi. Mun gaji karin maganar gani ya kori ji, kuma a zamanin da aka yi ta gaskiya ce, domin idonka ne ya je wurin. Hoton waya kuwa ji ne da ya sa rigar gani. Wani ne ya ɗauka, wani ya yanke, wani ya rubuta bayanin da ke ƙasa. Kafin in nuna musu kowace manhaja na sa sun koyi karanta hoto da ido. Lambar motar ta wace ƙasa ce? Da wane harshe aka rubuta allon shagon da ke baya? Kakin ɗan sandan irin namu ne? Motoci hannun dama suke bi ko hagu? In an ce a watan Maris aka ɗauka a Katsina, me ya kawo ciyawa kore shar da gajimare? Bayan haka na haɗa wayata da kwamfuta, suka kewaye tebur, na nuna musu yadda ake saka hoto a Google Lens ko TinEye a ga inda ya taɓa fitowa da shekarar da ya fito. In bidiyo ne, a tsayar da shi a ɗauki hoton fuskar waya a nemo da shi. Mafi yawan hotunan bogin da muka kama ba haɗa su aka yi ba. Hotunan gaskiya ne na wani wuri da wani lokaci, aka sauya musu labari.

Na ba su labarin Filato don su san ba wasa muke ba. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin yankin Gashish, an baza hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga can suke. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, hoton wani jariri kuma ya riga rikicin fitowa da watanni. An kashe mutane da gaske a Gashish, amma waɗannan hotuna sun ƙara wa wutar fetur, kuma a ranar 24 ga Yuni aka tare hanya aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe su. Ajin ya yi tsit. Ban nuna musu hotunan ba, ba kuma zan nuna ba.

Ana cikin haka yaƙin Gaza ya ɓarke, wayoyin gidajensu suka cika da hotuna. Wani ɗalibi ya kawo mini hoton yaro a cikin ɓaraguzai, ya ce mu gwada. Muka saka, sai ga shi ya fito a shafukan da suka shekara da shekaru, daga yaƙin Siriya. Na kuma nuna musu wani bidiyon harbo jirgi da ya karaɗe ko'ina, alhali daga wasan kwamfuta mai suna Arma 3 aka yanko shi. Yaron ya ɓata rai ƙwarai. Ya ce, "Malam, kana nufin ba a kashe yara a Gaza ke nan?" Na ce masa ana kashewa, kuma zuciyata tana ƙuna kamar tasa. Amma yaron da ke hoton nan shi ma ɗan wani ne, yana da garinsu da ranar da abin ya same shi, ba mu da ikon ƙwace masa labarinsa. Sannan duk hoton bogi ɗaya da muka tura, mun miƙa wa mai musun ta'asar sanda ne, zai ɗaga shi ya ce kun gani, duk ƙarya suke yi. Bai amsa ba ranar. Mako na gaba ya dawo ya zauna a gaba. A wurinsa na fahimci cewa labarin da ya fi wuyar tantancewa shi ne wanda ya dace da abin da zuciyarka take so, ko take tsoro. Daga ranar na ƙara tambaya ta huɗu a allo: me na ji a raina da na karanta? In fushi ne ko firgici ko murna mai yawa, a ajiye wayar tukuna.

Darasin adireshin shafuka bai ɗauke mu lokaci ba, sun fi ni sanin irin saƙonnin: kyautar data, tallafin gwamnati, ɗaukar ma'aikata, cike fom kafin sha biyun dare. Na nuna musu cewa shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya galibi da gov.ng suke ƙarewa, BBC Hausa kuma tana bbc.com/hausa, duk wanda ya ƙara harafi ko ya rage to a yi hattara. Babu hukumar da za ta ce sai ka tura wa guruf biyar kafin a ba ka tallafi, babu bankin da zai nemi lambar sirrinka. Game da shafin da ba ka sani ba kuwa, na kawo musu misalin binciken aure. In mutum ya zo neman 'yarka ba shi kake tambaya halinsa ba, unguwarsu kake aikawa. Haka shafi: kar ka tsaya karanta abin da ya ce game da kansa, fita ka nemi abin da wasu suka ce a kansa, ka kuma duba ko Aminiya ko Freedom Radio ko DW ko RFI sun ɗauki labarin. Na gabatar musu da masu aikin bin diddigi irin su Africa Check da Dubawa, wadda aka kafa a 2018 kuma sunanta ma Hausa ne.

A mako na shida na ga abin da ban shirya masa ba. Yaran sun fara ƙaryata komai. Duk takardar da na ɗaga sai a ce bogi. Na nuna musu hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi mai kumburi, wanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira a watan Maris na 2023, na yi musu bayanin yadda ake kwaikwayon murya da fuskar mutum, sai wani ya ce to ai shi ke nan, babu abin yarda a duniya, har gidajen rediyon ma kowa da wanda yake yi wa aiki. Wannan ya tayar mini da hankali fiye da sakamakon ranar farko. Mai yarda da komai da mai ƙaryata komai duk sun huta da wahalar bincike, kuma na biyun ya fi wuyar dawowa, domin yana ganin kansa wayayye.

Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, kakata ta ce ba banza mutane ke tsoron allura ba, an taɓa gwada magani a kan yara a garin nan." Na ce kakarki ta yi gaskiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara kusan 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye da gwamnati suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, yana da wuri da shekara da takardun kotu. Amma a kan wannan tabon ne jita-jitar cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa ta samu wurin zama a 2003, aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa watan Yuli na 2004, cutar ta sake bazuwa har ta kai Yaman da Indonisiya, yara suka shanye. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Na ce su dubi labaran biyu. Tsoron iri ɗaya ne, amma ɗaya yana da isnadi, ɗaya ba shi da shi. Malaman hadisi da suka gano akwai maƙirƙira ba su zubar da hadisi duka ba, zama suka yi suka tace, suka ce wannan ingantacce, wannan mai rauni, wannan ƙirƙirarre. Daga nan muka daina hukunci biyu, muka koma uku: ya tabbata, ƙarya ne, ko ban sani ba tukuna. Na ukun ya fi yawa, kuma hukuncinsa ɗaya ne, ba a tura shi.

Makonni biyun ƙarshe na ba da su ga abin da na lura ya fi komai ci musu tuwo a ƙwarya. Yawancin saƙonnin nan ba daga baƙi suke zuwa ba. Daga baba ne, daga kawu, daga gwaggo, daga malamin unguwa. Wani ɗalibi ya gaya mini ya ce wa kawunsa a zauren WhatsApp na dangi "wannan ƙarya ne", aka yi masa ca, mahaifinsa ya karɓe wayar mako guda. Na ce masa binciken da ka yi daidai ne, amma ka kunyata babba a gaban jama'a, kuma wanda aka kunyata ba ya sauraron hujja. Muka koma wasan kwaikwayo. Ɗaya ya zama kawu, ɗaya ya zama ɗa. Muka yi ta gwada kalmomi har muka samu waɗanda suka zauna. A bi mutum shi kaɗai, ba a cikin taro ba. A fara da gaisuwa. A ɗora laifin a kan saƙon, ba a kan wanda ya turo ba. "Kawu, ina wuni. Na ga saƙon nan, abin ya tayar mini da hankali, shi ne na duba, sai na ga kamar hoton tsoho ne, ga inda na gani. Ko za ka duba mana?" Ko kuma tambaya kawai: "Gwaggo, don Allah wace unguwa aka ce, in gaya wa su Umma?" Sau da yawa tambayar ta isa, domin mutum yakan gane da kansa cewa ba shi da amsa. 'Yan matan sun fi mazan iya wannan nesa ba kusa ba.

Ranar rufewa na sake manna takardu goma sababbi. Ba duka suka ci ba, akwai wata sanarwar bogi mai hatimi da sa hannu da ta ruɗi kusan rabinsu. Amma dalilan sun sauya. "Babu kwanan wata." "Ba a faɗi wanda ya gani ba." "Sai na duba wani wuri." Wani ya rubuta a ƙarƙashin takarda ta bakwai, "Ina son ya zama gaskiya, shi ya sa zan jira."

Ana saura kwana uku a ba da hutu, hazo ya sauko, wani saƙon murya ya faɗo zauren iyaye da malamai da misalin ƙarfe tara na dare. Namiji ne wannan karon, wai an ga wata farar mota tana ɗibar yara a bakin makarantu. Na fara rubuta amsa ke nan sai na ga wata uwa ta riga ni. Ta rubuta, "Hajiya, don Allah wace unguwa ce, kuma yaushe? 'Yata ce ta ce in tambaya." Wadda ta turo ta ce bari ta tambayi wanda ya turo mata. Bayan kusan awa ɗaya ta goge saƙon. Washegari aji ya cika.

Saƙon dai bai tsaya a nan ba. A daren ya sake shigo mini sau biyu ta wasu hanyoyin, ɗaya daga yayata, wadda ta tashe ni wankan gishiri shekara tara da suka wuce. Na rubuta mata, "Yaya, ina wuni, ya yara? Wa ya turo miki wannan, kuma a ina aka ce an ga motar?" Ta maido mini da murya, tana cewa, "Kai dai Malam da tambaya. Bari in duba."